Kafin ka sauke bulo ko ɗaya a kan tsauni

Duk wanda ya saba bin hanyar Abuja zuwa Jos ta Akwanga ya san lokacin da mota ke fara nishi a Hawan Kibo, direba ya kashe AC ya sauke gilashi, kunne ya ɗan toshe, iska mai sanyi ta bugo ka a fuska, sai ka ji wani daga kujerar baya ya ce kai, da ma akwai inda mutum zai tsaya a nan ya sha shayi ya ɗau hoto. To wannan "da ma" ɗin ita ta ci wa kawuna kuɗi ba kaɗan ba, kuma ita ta sa na zauna rubuta wannan, don kwanan nan mutum uku daban-daban sun tare ni da magana ɗaya, wai sun samu fili a kan tudu a bakin hanya suna son yin wurin shaƙatawa, ta ina za su fara.

Filin kawu ba a Hawan Kibo yake ba, wani hawa ne makamancinsa a bayan gari, ba sai na kama sunan wurin ba. A watan Fabrairu ya gan shi, ciyawa ta bushe an ma banka mata wuta, ko'ina fes, ga wani shimfiɗaɗɗen wuri a gindin dutse kamar magini ne ya daidaita shi, yashi lukwi. Nan take ya ce nan ne get, nan shaguna, nan kuma fakin. Na ce Kawu a bari damina ta sauka mu gani mana, ya ce kai yaro ne, filin da Allah ya riga ya share maka me za ka tsaya jira. Shago shida aka ɗora. Cikin Agusta aka kwana ana ruwa, da safe muka je muka tarar ya shiga ta bayan shagunan ya fita ta ƙofa, ya ɗauke katangar get ya jibge ta a bakin kwalbati. Wani tsoho da ke noman acca a gefe yana tsaye da fartanya a kafaɗa yana kallonmu, ya ce Alhaji ai wannan hanyar ruwa ce tun muna yara, yashin nan da ya ba ka sha'awa shi ya kawo shi. Ba wanda ya tambaye shi tun farko, shi ma bai ga dalilin tsoma baki ba.

Don haka kar ka yanke hukunci a kan filin tudu da rani, ko mai sayarwa zai yi ta rantsuwa cewa wani Alhaji daga Abuja na hanya da kuɗi a jaka. Jos na samun ruwa kusan milimita 1,400 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba, ya fi ƙarfi a Yuli da Agusta, wani lokaci har da ƙanƙara, kuma ruwan da ya sauka a kan falalen dutse ba ya nutsewa, gangarowa yake yi gaba ɗaya a guje ya nemi inda ya saba bi. Ka je wurin ana tsaka da ruwan, da lema da takalmin roba, ka tsaya ka ga ta ina yake saukowa, ina yake haɗuwa, ina yake kwanciya. In dole da rani za ka duba, akwai alamu, baƙin zane a jikin dutse kamar an zubo man juye, busasshiyar ciyawa da ledoji da suka maƙale a reshen itace sama da ƙasa, wannan tsayin shi ne inda ruwa ya kai, sai yashi mai laushi a wuri ɗaya alhali kewaye duk tsakuwa ce, da ƙananan kwazazzabai da suka fara cin ƙasa. Duk inda ka ga ɗaya ka danna alama a taswirar wayarka. Kuma ka tafi da dattijon da ke noma a wurin, ka saya masa goro ko lemo, ka yi shiru ka bar shi ya yi magana, abin da zai gaya maka cikin awa ɗaya injiniya sai ya yi damina biyu kafin ya gane.

Maganar dattijo ta kawo mu kan abin da ya fi ruwa wuya, wato mutane. Dutsen da kake gani kamar ba kowa, wallahi akwai masu shi kuma akwai masu amfani da shi, ba ka zo a lokacinsu ba ne kawai. Akwai 'yar hanyar ƙafa da mata ke bi zuwa rafi ko itace, akwai burtali da mashayar shanu, akwai tsofaffin kaburbura da ba su da wata alama sai jeren duwatsu, akwai kogo ko kurmin da mutanen garin ke girmamawa tun kakanni wanda baƙo ba ya shiga, akwai kuma tsaunukan da 'yan coci ke hawa addu'a da azumi, ga masu fasa dutse suna tara tsakuwa. A Filato ba sai an yi wa kowa dogon bayani ba kan abin da toshe burtali ko taɓa kabari ke iya jawowa. Ni ra'ayina, duk hanyar da ka tarar ana bi ka bar ta a buɗe ka ja shingenka baya, ko da za ta raba maka fili biyu, ka zana ta a taswira da jan biro tun kafin ka zana inda za ka zauna.

Ta fuskar takarda kuma, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta cikin birni shi ke ba da izininta, ta karkara kuma ƙaramar hukuma na da hurumin ba da izinin mallaka na gargajiya, sannan takardar shaidar mallaka, wato C of O ɗin da kowa ke bi, galibi na shekara 99 ne. Amma kafin ka kai can, ka tabbata da wa kake ciniki. Yawancin filayen tudu na dangi ne, gado ne da ba a raba ba, sai ɗa ɗaya da ke bukatar kuɗin babur ya fito ya ce nasa ne. Ka nemi a tara manyan gidan gaban mai unguwa, a je wurin dagaci da hakimi, a zaga iyaka da ƙafa tare da maƙwabta ta kowane ɓangare, a rubuta, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Daga nan ka ɗauko safiyo mai rajista ya kafa bikon, wato alamomin iyaka, ka kai takardun ma'aikatar filaye da safiyo da tsara birane ta jiha da PLAGIS, hukumar taswira da bayanan filaye ta Filato, a bincika ko wani ya riga ka, in kuma filin ya faɗa cikin yankin birnin Jos da Bukuru to izinin gini na wajen JMDB, hukumar raya birnin Jos. Kar ka ce ai daji ne wa zai zo, ranar da wurin ya fara kawo kuɗi kowa zai zo.

Akwai wani abu da mutanen wasu jihohi ba sa kawowa a rai amma mu nan dole ne, kuza. Fiye da shekara ɗari ana haƙar ta a wannan tudun, kuma a doka ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne ko da kai ke da saman, dokar ma'adinai ta 2007 ta nanata haka. Sai ka sa a duba maka a ofishin rajistar lasisin ma'adinai da ke Abuja ko akwai lasisin wani a kan wurin. Sannan ka bi filin taku-taku ka nemi tsofaffin ramuka, musamman irin na loto masu ƙaramin baki da zurfi kamar rijiya, ciyawa na rufe su ruf da damina. Kududdufin kuza kuma yana da kyau a hoto, Rayfield da ke Jos ma ai a bakin irinsa aka yi wurin shaƙatawa, amma gefensa a tsaye yake ba kamar rafi ba da ake shiga a hankali, taku ɗaya yaro ya wuce kansa. In akwai shi a filinka to kuɗin shinge da mai gadin ruwa su fara shiga lissafi kafin kuɗin fenti.

Yanzu titi. Wurin shaƙatawa a kan hawa, inda ka sa ƙofa shi ne rabin tsarin, kuma a nan ne kuskure ke zama rai ba kuɗi ba. Duk ɗan Jos ya san labarin tireloli da tankoki da birki ke tsinke musu a gangaren Hawan Kibo. Kar ka sa get a kan kwana, kar ka sa shi a ƙarshen gangare inda babbar mota ke isowa da birki ya riga ya yi zafi, kar kuma ka sa shi daf da ƙwanƙolin hawa inda mai tahowa ba ya ganin abin da ke gabansa sai ya hau. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne, in tsaya daidai inda ake son ƙofar, in ƙirga daƙiƙa daga lokacin da mota ta ɓullo har ta iso ni, ta hagu da ta dama. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a daƙiƙa ɗaya, to ka auna bas cike da 'yan makaranta tana ƙoƙarin juyowa ta tsallaka hannu, in ban ƙirga goma cikakku ba ni dai ba na yarda da wurin, a matsa gaba ko baya. Kuma in titin na tarayya ne akwai mita 45 da ɗoriya daga tsakiyarsa ta kowane gefe da ba naka ba ne ko da ka biya kuɗinsa, duk abin da ka gina a ciki ranar faɗaɗa hanya katafila ce za ta gaishe ka. Ka je ka ga injiniyoyin ma'aikatar ayyuka da jami'an kiyaye haɗurra na yankin tun a takarda, ka bar wajen da mota za ta rage gudu ta sauka daga kwalta kafin ta kai ƙofa, mai karɓar kuɗin shiga kuma a tura shi can ciki yadda layin motoci ba zai dawo kan titi ba.

Fakin shi ke gaya maka mutum nawa wurinka zai ɗauka, ba girman dutsen ba. Mota ɗaya da hanyar shiga da fitarta tana cin murabba'in mita 25 zuwa 30, ke nan mota hamsin na neman kusan 1,500, wato fuloti uku da ɗan wani abu na ƙafa 50 a 100, kuma shimfiɗaɗɗe, abin da ya fi komai tsada a kan tudu. Ka je Wildlife Park na Jos ko gidan zu na cikin gari washegarin Sallah ko 26 ga Disamba ka ga yadda jama'a ke fitowa, za ka gane cewa ranakun cika ba su fi a ƙirga da yatsu ba a shekara, sauran kwanakin 'yan tsiraru ne. Kar ka zuba kankare saboda kwana goma. Ka yi madaidaicin fakin na kullum da tsakuwa da aka daddaɓe, ruwa na nutsewa a cikinta, sannan ka yi yarjejeniya da mai gonar kusa ya ba ka aron fili na ranakun biki in ba shuka a ciki. In fakin ya cika a rufe ƙofa, magana ta ƙare, kar a ce a jera a bakin titi.

Sai rabon filin kansa, nan ne aikin ke da daɗi. Ka samo igiya mai mita goma, sanda doguwa, tef ɗin awo, da siririn tiyon nan mai ruwa da magina ke daidaita gini da shi. Mutum ɗaya ya riƙe bakin igiya a ƙasa ta sama, ɗayan ya gangara ya ɗaga nasa bakin a jikin sanda har igiyar ta daidaita, sai a auna daga ƙasa zuwa igiya. In mita ɗaya ne to gangaren kashi 10 cikin ɗari ne, in rabin mita ne kashi 5, in mita biyu da rabi ne kashi 25. Ku bi filin kuna yi kuna rubutawa a kan kwafin taswirar safiyo. Yadda nake rabawa, abin da bai kai kashi 5 ba na fakin ne da filin wasan yara, in dai ba hanyar ruwa ba ce irin ta kawu. Daga 5 zuwa 15 ana iya gini amma ƙanana, a bi kwanciyar ƙasa a yi su hawa-hawa maimakon a kawo katafila ta yanke tudu a samu bango na jar ƙasa da zai zubo a damina ta biyu. Daga 15 zuwa 25 hanyar ƙafa ce da benci da 'yar rumfa. Abin da ya wuce haka a bar wa Allah kayansa, ko ciyawar kar a cire. Bayan nan ka samo farar leda mai shara-shara guda uku ko huɗu, a ɗaya ka zana hanyoyin ruwa, a ɗaya hanyoyin mutane da shanu da wuraren da ba a taɓawa, a ɗaya gangaren da ya yi tsaye da ramuka, ka ɗora su duka a kan taswirar. Inda ya rage fari shi ne filinka na gaskiya. Kawu da muka yi masa wannan daga baya, cikin hekta huɗu da ya saya abin da ya rage na gini bai cika ɗaya ba, ya daɗe yana kallon ledar nan bai ce komai ba.

Abin da ya rage ɗin sai a jera shi daga hayaniya zuwa shiru. Kusa da ƙofa a tara duk mai ƙara da hayaƙi da shara, janareto, masu tsire da masa, mai shayi, shaguna, banɗaki, masallaci da wurin alwala. Tsakiya na iyali ne, inuwa, tabarma, lilo, inda uwa za ta zauna tana hango ɗanta ba tare da ta tashi ba. Sama kuma ƙafa kawai, ba mota ba babur ba sifika. Na san masu kuɗi na son a kai musu mota har ƙoli, kuma na san za a ce ai wurin da ya fi kyau nan ya kamata a sa gidan abinci, ni dai ban goyi baya ba, ranar da ka kai titi da bulo saman dutse ka kashe abin da mutane suka biya kuɗi su gani. Jos kanta tana kusan mita 1,200 sama da teku, ƙololuwar tsaunin Shere ta kai 1,829, abin da ke kai mutane can iska ce da hange da shiru, ba tayil ba. Haka duwatsu, kar a fasa na wurin don a samu tsakuwar gini a arha, kar a shafa musu fenti ko tallar kamfani. Dutsen Riyom da ake zuwa kallo daga nesa ai ba abin da aka ƙara masa, yadda aka same shi a ɗore haka yake. Kuma kar ka raina kurmin da ke tsakanin duwatsu, a dajin Amurum da ke Laminga akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke tare da Jami'ar Jos, mutane na tasowa daga ƙasashen waje saboda tsuntsayen wurin, har da wani ɗan jan tsuntsun duwatsu da sai a 1998 masana suka tantance shi a matsayin jinsi na daban. Mai zuwa kallon tsuntsu da asuba ba ya zubar da shara kuma ba ya cinikin kuɗin shiga.

Banɗaki, wanda kowa ke barinsa ƙarshe. A kan dutse sokawe ba ya aiki yadda ka saba, ka haƙa ƙafa uku ka ci karo da falale, ƙazanta ta bi tsagar dutse ta ɓullo a idon ruwan da ƙauyen ƙasa ke sha, daga nan kuma zaman lafiyarka da su ya ƙare. A nemi inda ƙasa ke da zurfi, ta ƙasan rijiya ba ta samanta ba, a bar aƙalla mita 30 tsakaninsa da rijiya ko rafi, in babu irin wannan wurin a gina tanki rufaffe wanda motar kwasa za ta iya isowa gare shi. Na mata daban na maza daban, ƙofofin kar su kalli juna, na mata ya fi yawa. Ruwa kuma kar ka ɗauka bohol tabbas ne, a cikin dutse ana iya haƙa a tashi a tutar babu, a fara kiran masu auna ƙasa kafin a kira mai injin. Abin da ke hannunka tabbas shi ne na sama. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya na kwanon rufi lita ɗaya ce, to rufin da ya kai murabba'in mita 100 a ruwan Jos zai iya tara lita 140,000 a lissafi, ko an cire wanda ya zube ka tsira da fiye da dubu ɗari, matsalar kawai wurin ajiya ne, don haka a tsara mazaunin tankuna a sama da banɗaki tun farko ruwa ya sauko da kansa ba sai an tada janareto ba.

Hanyar hawa kar a miƙe ta tsaye daga ƙasa zuwa sama, damina ɗaya za ta zama lambatu. A yi ta kwana-kwana tana bin gefen tudu, a ɗan karkata ta waje ruwa ya riƙa zamewa, duk 'yan taku a kwantar da jeren duwatsu a gicciye su kau da shi gefe. Inda ƙasa ta fara zaizaya a dasa jema a jere, saiwarta na nutsawa sosai tana riƙe ƙasa, shinge kuma ga kerana da mutanen tudun nan suka daɗe suna kewaye gonaki da ita, sai dai a nisanta ta da wurin wasan yara saboda ƙaya da ruwanta mai cutar ido. Itacen turare yana saurin girma shi ya sa kowa ke son sa, amma kar a dasa shi kusa da idon ruwa. Daga Nuwamba ciyawa ta bushe masu farautar gafiya sun fito da ashana, kafin lokacin a share kewayen gine-gine da iyakar fili a bar ƙasa tsirara mai faɗi da wuta ba za ta tsallaka ba, rumfunan ciyawa kuma kar a jera su manne da juna. Da hadari ya haɗu a sauko da kowa daga ƙoli, aradu ba ta wasa a saman dutse, ginin da ya fi tsayi a sa masa ƙarfen kare tsawa. Inda matasa za su so tsayawa ɗaukar hoto, kai ma ka san wurin da ka gan shi, can bakin gaɓa ne, to ka riga su, ka sa ƙarfe mai ƙwari ka gyara wurin tsayawa, don rubuta "an hana" ba ya hana kowa. In za ka ɗauki masu raka baƙi hawa, ka nemi waɗanda suka taɓa samun horo a makarantar hawan dutse ta Shere da aka fi sani da Man O' War.

Masu sana'a za su zo ko ka gayyace su ko ba ka gayyace su ba, mai dankalin turawa, mai kabeji da karas, mai masara gasasshiya, yara masu fiya wata. In ba ka ware musu wuri a cikin taswira ba za su ware wa kansu a bakin kwalta. Ka yi musu rumfuna a cikin get, 'yan garin su fara samu, mai gadi da masu shara ma daga cikinsu, wannan ya fi maka doguwar katanga. Shara a sa mata wuri ɗaya a ƙasan iska inda mota ke isa, ba bayan dutse ba. Tsaro kuma ƙofa ɗaya ta shiga, wata ta gaggawa da ke kulle, a gwada sabis na kowane layi a kowane lungu a san inda waya ba ta shiga, a san asibiti mafi kusa da minti nawa ne, a gabatar da kai wurin DPO da shugaban 'yan banga tun ba abin da ya faru, kuma a sallami mutane kafin magariba, hazo da duhu a kan gangare ba abokan tafiya ba ne. Maganar kwana a wurin a ajiye ta sai an shekara biyu ana ganin yadda abubuwa ke tafiya.

In abin naka babba ne, dokar auna tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta ambaci wurin shaƙatawa ko otal na kan tudu da ya kai hekta 50 cikin ayyukan da dole a yi musu cikakken nazari ta hannun ma'aikatar muhalli ta tarayya. Yawancinmu ba mu kai nan ba, amma ko naka hekta biyu ne ka leƙa ma'aikatar muhalli da ta yawon buɗe ido ta jiha ka ji abin da suke bukata, ka kuma ɗauki mai tsara birane mai rajista ya mayar da ledojin nan naka zane na hukuma. Kuɗinsa bai kai na shago ɗaya da ruwa ya ci ba. Ginin kuma a bi shi daki-daki, shekarar farko magudanar ruwa da ƙofa da fakin da banɗaki da hanyar ƙafa, shi ke nan, a buɗe a haka a ga inda mutane ke son zama da kansu, inda ciyawa ta kwanta saboda tabarma nan ne wurin rumfa.

Wurin kawu yanzu shaguna uku ne a kan wani ɗan tudu ta hagu, shimfiɗaɗɗen wurin nan an bar wa ruwa abinsa an dasa jema a gefe, harsashin tsofaffin shagunan na nan yaran da ke kiwo na zama a kai suna cin rake. Tsohon mai acca shi ne mai gadin rana. Satin da ya wuce kawu ya kira ni wai ya gano wani wuri a bayan dutsen da zai yi kyau da zauren biki, shimfiɗaɗɗe, ko share shi ba sai an yi ba. Na ce Kawu wane wata muke ciki. Ya yi shiru, ina jin rediyonsa na magana, can ya ce to ka sa mana rana cikin Agusta, amma kai za ka zo da takalman roba, nawa sun yage.